Yadda ake ɗinka raga mai kyau don lissafin gudana mai hargitsi

Kwamfuta ba ta san ruwa ba. Kafin ta lissafa yadda ruwa ko iska ke gudana, sai an yanyanka sararin da suke bi zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi a ba shi gudu ɗaya da matsi ɗaya. Wannan yanyankan shi ne raga, abin da ɗaliban makarantar injiniyoyi ta EMIG da na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai suka fi sani da sunansa na Faransanci, mayaj. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da gadar Kennedy ya kalli masunta suna ɗinkin taru ya riga ya san ƙa'idar: kifin da bai kai idon raga ba wucewa yake abinsa. Haka nan duk juyin ruwan da bai kai girman gurbi ba, lissafi ba ya ganinsa.

Gudana mai hargitsi kuwa cike take da guguwa, manya da ƙanana. Daga aikin Kolmogorov na 1941 aka san cewa mai son kama kowace guguwa yana buƙatar gurabe da yawansu ke tafiya da lambar Reynolds (Re, wato gudu sau faɗi a raba da danƙo) a ɗaga ta zuwa 9/4. Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe: bututu mai faɗin milimita 200, da gwiwa guda ta digiri 90, ruwa yana gudun mita 1.5 a daƙiƙa, zafinsa digiri 30. Danƙon ruwa a wannan zafi kimanin 0.8 × 10⁻⁶ m²/s ne, don haka Re = 1.5 × 0.2 ÷ (0.8 × 10⁻⁶) = 375,000. Ɗaga wannan zuwa 9/4 yana ba da gurabe sama da tiriliyan uku. Babu mai wannan kwamfutar a Yamai, kuma ba a buƙatarta. Ana lissafa matsakaiciyar gudana ne, a bar wa samfurin hargitsi, kamar k-epsilon na Launder da Spalding (1974) ko k-omega SST na Menter (1994), ya wakilci ƴan guguwar. Aikin raga shi ne ta kai wa samfurin abin da yake buƙata a wurin da yake buƙatarsa. Yawan gurabe kaɗai ba ya nuna cewa ta yi hakan.

A lura da zafin nan. Da yawa daga cikin misalan da ke zuwa da manhajoji an tsara su ne da ruwa ko iska mai digiri 20. Danƙon ruwa a digiri 20 shi ne 1.0 × 10⁻⁶; ruwan da ya kwana a tanki a watan Afrilu ba haka yake ba, kuma wannan bambanci kaɗai yana ɗaga Re da kashi 25 cikin ɗari. Iska akasin haka take yi: 1.5 × 10⁻⁵ a digiri 20, kimanin 1.7 × 10⁻⁵ a digiri 40. Gyara wannan tukuna, domin kaurin gurbin farko na jikin bango daga nan yake fitowa.

Sannan ka rubuta a takarda, kafin ka buɗe manhajar ɗinkin raga irin su Salome ko Gmsh, abin da kake nema daga lissafin. A misalinmu faɗuwar matsi ce tsakanin mashiga da mafita. Da wannan adadi za ka auna kowace raga da ka ɗinka.

Gurbin farko a jikin bango

A jikin bango ruwa tsaye yake cak, ƴan milimita kaɗan daga nan kuma ya kama yawancin gudunsa. Nan ne gogayya ke fitowa, nan ne kuma raga ta fi cin amana. Ana auna nisa daga bango da lambar y+, wato nisan tsakiyar gurbin farko sau gudun gogayya (gudun da ake lissafawa daga ƙarfin gogayyar ruwa da bango), a raba da danƙo. Ƙasa da 5 danƙo ne ke mulki. Daga 30 zuwa kimanin 300 gudu yana bin dokar logaritim. Tsakanin 5 da 30 kuwa ba nan ba can, babu dokar da ta zauna daidai.

Hanya biyu ce. Ko dai ka sa gurbin farko a y+ kusa da 1, ka lissafa komai har jikin bango da k-omega SST, ko ka sa shi tsakanin 30 da 300, ka bar dokar bango, wato lissafin da aka gina a kan waccan dokar logaritim, ta cike gibin, yadda k-epsilon na asali yake so. Abin gudu shi ne faɗawa tsakani. Raga mai y+ na 12 ta fi mai 50 yawan gurabe, ta fi ta cin lokaci, kuma da k-epsilon ta fi ta ba da amsar banza, saboda ana tilasta dokar logaritim a wurin da ba ta aiki.

Lissafin kaurin ba wuya. Jadawalin Moody yana ba da ma'aunin gogayya f kimanin 0.014 ga bututu mai santsi a Re 375,000. Kada a ɗauko tsarin Blasius a nan, iyakarsa wajen Re 100,000 ce. Gudun gogayya shi ne 1.5 sau tushen f/8, wato kimanin mita 0.0625 a daƙiƙa. Don y+ = 1, nisan ya zama 0.8 × 10⁻⁶ ÷ 0.0625, milimita 0.013. Wannan nisan tsakiyar gurbi ne. Manhajojin da ke ajiye ƙima a tsakiyar gurbi, irin su OpenFOAM da Fluent da Code_Saturne, daga nan suke aunawa, saboda haka kaurin gurbin duka ninki biyu ne, milimita 0.026, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Don y+ = 50 kuwa, tsakiya a milimita 0.64, kauri milimita 1.3.

Daga gurbin farko sai a jera shimfiɗu, kowace ta fi ta ƙasanta kauri da ninki 1.2 ko ƙasa da haka. Tambayar da ake yawan tsallakewa ita ce shimfiɗu nawa. A ce gurabe na tsakiyar bututu milimita 5 ne. In ka fara da 0.026 ka jera 20, ta ƙarshe za ta tsaya a milimita 0.83, duka-duka kaurinsu bai kai milimita 5 ba, sai kwatsam a faɗa gurbi mai milimita 5. Tsalle ne na ninki shida, kuma a daidai yankin da hargitsi ke da ƙarfi. Sai an kai shimfiɗu 30 kafin ta ƙarshe ta yi daidai da gurabe na tsakiya, kaurinsu gaba ɗaya kuma wajen milimita 31. Da dokar bango, farawa daga 1.3, shimfiɗu 8 sun isa. In an zagaye bututun da gurabe 128, hanyar farko tana cin kusan gurabe 4,400 a kowane yanka, ta biyu kusan 1,800. Ga tsada ke nan ƙarara. Inda ruwa ke rabuwa da bango, kamar bayan gwiwa mai kaifi ko bayan bawul, ko inda ake neman musayar zafi, tsadar ta cancanta. A dogon bututu miƙaƙƙe, dokar bango ta wadatar.

Akwai kuma kaushin bango. Sabon bututun ƙarfe kaushinsa kimanin milimita 0.045 ne, wanda a gudun nan har yanzu a matsayin mai santsi yake. Na zubin ƙarfe 0.26 ne. Tsohon bututun da ya sha tsatsa, ko wanda jan ruwan kogi na Agusta da Satumba ya yi ta gurza da yashi, ya wuce haka. Sa tsakiyar gurbi a 0.013 alhali ƙurajen bangon sun kai 0.26 aikin baban giwa ne: gurbin yana cikin ƙarfe ke nan. A irin wannan hali ka koma dokar bango mai lissafin kaushi, nutkRoughWallFunction a OpenFOAM, ka tabbata tsakiyar gurbin farko ta ɗara tsayin kaushin.

Duk wannan ƙiyasi ne na farawa. Bayan lissafi ya gudana, fitar da y+ (yPlus a OpenFOAM) ka duba shi a ParaView, manhajar kallon sakamako, a jikin bangon duka. Matsakaicin adadi yana ɓoye abubuwa: a cikin gwiwa, inda ruwa ke ƙara gudu, y+ yana hawa, a inda ruwa ya rabu da bango kuma yana faɗuwa kusan sifili. Wannan faɗuwar ba laifin raga ba ce, gogayyar ce ta ɓace a wurin.

Siffar gurabe

Ga bututu, raga mai gurabe masu fuska shida da ke bin hanyar ruwa ta fi kowace. Ana ɗinka ta da murabba'i a tsakiya da ɓangarori huɗu a kewaye, siffar da ake kira malam-buɗe-littafi, kuma blockMesh, maɗinkin raga na OpenFOAM, yana iya yin ta. Kada a yanka bututu kamar kankana, yanka-yanka suna haɗuwa a cibiya, domin gurabe na cibiyar suna zama tsinke. Gurabe masu fuska huɗu suna da saurin samuwa, amma suna ƙara wani danƙo na ƙarya da ke shafe bambancin gudu, wanda ya fi muni idan ruwa yana ratsa gurabe a karkace, musamman da tsarin upwind na mataki ɗaya, wanda ke ɗauko ƙima daga gurbin da ruwa ya fito kawai. Fara da shi in lissafi ya ƙi tashi, amma amsar da za ka bayar ta fito daga tsari na mataki biyu kamar linearUpwind.

Da ka gama ɗinki, gudanar da checkMesh, mai duba lafiyar raga a OpenFOAM, kafin komai. Abu uku ake dubawa.

Na farko karkata: kusurwar da ke tsakanin layin da ya haɗa tsakiyar gurabe biyu da layin da ya fito tsaye daga fuskar da suka yi tarayya. Sifili shi ne cikakke. checkMesh yana kuka daga digiri 70, snappyHexMesh kuma, wani maɗinkin raga na OpenFOAM, a tsarinsa na yau da kullum yana ƙoƙarin tsayawa ƙasa da 65. Lissafin matsi ne ke fara shan wahalarta, shi ya sa alamar farko ita ce matsi yana tsalle a ƴan gurabe kaɗan, sannan komai ya tarwatse. In ta wuce 60, sa nNonOrthogonalCorrectors ya zama 1 ko 2. In ta wuce 70, mayar da gyaran zuwa limited 0.5 ko 0.33. Wannan lallashi ne kawai, yana sayen kwanciyar hankali da daidaito. Ta kai 85, koma ka sake ɗinki.

Na biyu gocewa: yadda layin da ya haɗa tsakiya biyu ya kauce wa tsakiyar fuska. A OpenFOAM iyaka 4 ce. A Fluent ma'aunin daban yake, daga 0 zuwa 1, ana son mafi muni ya tsaya ƙasa da 0.95, matsakaici ƙasa da 0.33. Kada a kwatanta adadin wannan da na wancan.

Na uku tsawo kan kauri. checkMesh yana gargaɗi daga 1,000. Gurbin bango mai kaurin 0.026 da tsawon milimita 40 ya kai kusan 1,540, kuma a miƙaƙƙen bututu, inda ruwa ke bin tsawon gurbin, babu laifi a ciki muddin ana lissafi da lambobi masu daidaito ninki biyu. Irin wannan gurbin a cikin gwiwa ko wurin rabuwar ruwa kuwa matsala ne. Gurbi mai girma ƙasa da sifili ba shi da magani, ko guda ɗaya ne.

Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne wurin. checkMesh yana ajiye munanan fuskoki a tarin da za ka iya buɗewa a ParaView. Goma a wani lungu da ruwa ke kwance ba su kai haɗarin biyu a leɓen bawul ba.

Masu amfani da snappyHexMesh su karanta teburin da yake bugawa a ƙarshe. Kana iya neman shimfiɗu 15 ya ba ka 4 a wasu wurare, wasu ma babu ko ɗaya, ya gama aikinsa shiru ba tare da ya ce ya kasa ba. Sau da yawa dalili biyu ne. Ko dai relativeSizes yana true, sai ya ɗauki kaurin da ka rubuta a matsayin kaso na gurbin da ke kusa maimakon mita, ko kuma gurabe na jikin bangon sun yi girma da yawa a kan shimfiɗun da ake son cusawa. Ƙara matakin tacewa ɗaya a bangon, wato ka ƙanƙanta gurabensa, ka rage minThickness, ka sake dubawa.

Inda ake ƙara gurabe

Ba ko'ina ba. Rabe kowane gurbi biyu a tsawo da faɗi da tsayi yana ninka yawansu sau 8, in lissafin mai tafiya da lokaci ne kuma aikin ya ninka sau 16, tunda matakin lokaci ma sai ya ragu. A ƙiyasta kimanin gigabait ɗaya na ƙwaƙwalwa ga kowane gurabe miliyan ɗaya, ɗinkin kansa ma yakan ci fiye da haka. Kwamfutar hannu mai gigabait 16 ba wurin raga mai miliyan 20 ba ce.

Fara da raga mara nauyi, ka gudanar, ka duba inda gudu da matsi ke canzawa da sauri. A gwiwa za ka ga guguwa biyu masu juyawa gaba da gaba, waɗanda ake kira da sunan Dean, da kuma yankin da ruwa ke ja da baya a bangon ciki bayan lanƙwasa. Tace daga faɗin bututu ɗaya kafin gwiwa zuwa biyar bayanta, sannan ka bar gurabe su riƙa tsawo sannu a hankali. Iyakar da manyan gurabe ke haɗuwa da ƙanana kada ta faɗo a tsakiyar yankin rabuwa. Mafita ta yi nisan faɗin bututu 20 zuwa 30. In ruwa yana komowa ta mafita, ta yi kusa. A mashiga kuma, gudana tana buƙatar wajen faɗin bututu 37 kafin ta zauna a wannan Re, mita bakwai da rabi na gurabe ke nan. Ya fi sauƙi a lissafa guntun bututu dabam, a ɗauko siffar gudunsa a ɗora a mashiga.

Mai lissafin iskar hunturu a kan gini ko jerin faifan sola a Tahoua yana da nasa ma'auni, daga jagorar COST 732 ta 2007: tsayin gini biyar zuwa mashiga da gefuna da sama, goma sha biyar a baya, ginin kada ya toshe fiye da kashi 3 cikin ɗari na faɗin sararin, kuma aƙalla gurabe 10 a kowane gefen gini.

Raga uku

Cewa "na ƙara gurabe, amsa ba ta canza sosai ba" ba hujja ba ce a gaban malaman da ke sauraron kare kundi, balle a gaban mai sayen famfo. Hanyar da aka yarda da ita ta Roache ce, ta 1994, wadda aka gina a kan dabarar Richardson, Celik da abokan aikinsa kuma suka tsara matakanta a 2008. Ana ɗinka raga uku masu siffa ɗaya, girman gurbi yana raguwa da ninki r da ya wuce 1.3. Ɗauki r = 1.414, yawan gurabe zai ninka sau 2.83 kowane mataki: 250,000, sai 707,000, sai 2,000,000. Tacewar ta shafi ko'ina daidai wa daida. In gwiwa kaɗai ka tace, lissafin da ke tafe ba shi da ma'ana.

A ce, don misali, faɗuwar matsi, a ma'aunin faskal, ta fito 1,080, sai 1,020, sai 990. Bambanci na farko 60, na biyu 30. Matakin daidaito p shi ne logaritim na 60/30 a raba da logaritim na 1.414, ya ba da 2, daidai da abin da ake tsammani daga tsari na mataki biyu. Amsar raga mara iyaka ita ce 990 a cire 30 ÷ (r^p − 1), wato 960. Ma'aunin rashin tabbas, GCI, shi ne 1.25 × (30/990) ÷ (r^p − 1), kashi 3.8 cikin ɗari. Abin da za a rubuta ke nan: faskal 990, da rashin tabbas na raga kashi 3.8. Da raga biyu kaɗai, 1.25 ɗin yana komawa 3.

A aikin gaske p ba ya fitowa tsaf haka. Tsakanin 1 da 2 abu ne da aka saba gani. In ya fito 0.3 ko 6, ko amsoshin suna hawa da sauka, akwai dalili. Wanda ya fi yawa shi ne y+ ya sauya yanki: raga mai 50 ta koma 35, sannan 25, ta faɗa tsaka-tsaki, sai ya zama samfurin ne ke canzawa tare da ragar. Fara da y+ na 100, ka sauko 71, ka tsaya a 50. Dalili na biyu, ba a bar lissafin ya zauna ba. Raga mai yawan gurabe ta fi jinkirin zama, kuma faɗuwar ragowar kuskure, adadin da manhaja ke bugawa a kowane zagayen lissafi, zuwa 10⁻⁴ ba ta isa shaida ba. Zana faɗuwar matsin kanta a kan yawan zagaye, ka ga ta miƙe na ɗaruruwan zagaye. mapFields na OpenFOAM yana ɗauko amsar ƙaramar raga, mai ƙarancin gurabe, ya ɗora a babba, yana rage jira ƙwarai. Tunda kuma wuta tana iya ɗaukewa a tsakiyar lissafin kwana guda, musamman a bazara, sa writeInterval ya riƙa ajiyewa kowane zagaye 200, purgeWrite ya riƙe biyu na ƙarshe, startFrom ya zama latestTime. A ɗaga kwamfutar daga kan katifa ko tabarma, a busa ƙurar da ta toshe fankarta, in ba haka ba za ta rage gudu da kanta saboda zafi.

GCI ba ya cewa amsar gaskiya ce, kuskuren raga kaɗai yake aunawa. Kuskuren samfuri dabam yake. Gwada miƙaƙƙen ɓangaren bututun da jadawalin Moody: in f ɗinka ya kauce wa 0.014 da fiye da ƴan kaso kaɗan, matsalar tana jikin bango, kuma ba a kai ga maganar gwiwa ba tukuna.

Akwai hali ɗaya da ke rikita mutane. Ƙaramar raga ta zauna lafiya, matsakaiciya ma haka, babbar kuwa ragowarta ta tsaya a 10⁻³ tana lilo, ta ƙi sauka. Sau da yawa babbar ce ke da gaskiya: danƙon ƙarya ya ragu, guguwar da ke ɓallewa a bayan gwiwa ko bawul ta fara bayyana, gudanar kuma ba mai tsayawa wuri ɗaya ba ce tun asali. Sa ma'auni a gurbi ɗaya bayan gwiwar ka duba matsinsa. In lilon yana da tsari, koma pimpleFoam, mai lissafi mai tafiya da lokaci, ka riƙe lambar Courant, wato yawan gurabe da ruwa ke tsallakewa a matakin lokaci ɗaya, kusa da 1 a yankin da ka tace, in rabin bututu ka ɗinka don ragin aiki ka dawo da shi cikakke, sannan ka ɗauki matsakaici a kan lilo 20 ko fiye. Da wannan matsakaicin ake shiga lissafin raga uku, kuma sai an yi wa sauran biyun haka su ma.